Ƙafafun Gadon Inna Kulu

Ku da kuka tashi kuka tarar da babanku zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar gatari da ta hauya, ba ku san shi ba. Kun san wani mutum mai shiru da yake dawowa daga gonar wasu da yamma ƙafafunsa fururu, kuma kun ji abin da ƴan unguwa suke faɗa a bayan idonsa. Wai iska ce ta taɓa shi, wai zuciyarsa ce ta mutu, wai ya ƙulla alkawari da aljanu ya kasa cikawa. Wata a cikinku, ba zan kama suna ba, ta taɓa tambayata ko da gaske ne abin nan da ke lulluɓe a zaurenmu yana juya kansa da kansa. Na tsufa yanzu, idona yana raguwa, bari in rubuta yadda abin ya kasance kowa ya huta.

Abin da ke lulluɓe a zaure sunansa tur. Da shi ake juya itace a fere shi ya fito kewaye sumul, a yi ƙafafun gado da na kujera da kwarkwaron rijiya, wato gungumen nan da igiyar guga take birgima a kansa. Babanku ya koyo aikin a Maraɗi tun yana saurayi, ya dawo Dakoro ba shi da komai sai rulma biyu a aljihu, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, da taurin kai. Sauran duka da hannunsa ya haɗa. Ya kafa katako mai kauri, ya sa maƙeri ya yi masa ƙarfe biyu masu tsini da za su riƙe itace ta kai da gindi, ya samo ƙarfen tsohuwar tayar amalanke ya yi masa mariƙi, ya yanko doguwar roba daga tayar mota ta zama igiyar da ke kai juyin. Kuran, wato wutar lantarki, bai zo unguwarmu ba a lokacin, dole sai wani ya juya tayar da hannu. Zauren kuwa ƙarami ne, ba shi da halin ɗaukar ɗan aiki, kuma ba zai zaunar da matarsa a gaban masu saye ba. Sai ya huda bango. Tayar tana cikin gida ƙarƙashin rumfa, robar ta bi ta kafar bango ta fita zaure. Duk wanda ya shigo sai ya ga mutum shi kaɗai, itace yana juyawa a gabansa kamar an sa masa rai. To aljanar da kuke ji ana faɗa ni ce, uwarku, da zanena ɗaure a ƙirji, ina zuba gumi.

In ya buga bango da gindin kurfi, ƙarfen da yake fere itace da shi, sau ɗaya, in fara juyi. In ya buga sau biyu, in tsaya. Ba na ganin abin da yake yi, amma hannuna ya san kowane itace. Aduwa tana da nauyi mai daɗi, tana tafiya daidai. Danya laushi gare ta, sai ki ji kamar ba a ɗora komai ba. Bagaruwa kuwa fizga take yi, in kurfi ya ci karo da ƙulli sai kafaɗata ta amsa. Har cinikinsa nakan gane daga bayan bango, don in mai saye ya ɓata masa rai sai ya danna kurfi da ƙarfi, ni ce mai shan wahalar.

Zan rubuta dabarunsa a nan, ko Allah zai sa wani jikana ya yi sha'awa, don ba wanda ya gaje shi. Kurfinsa na resor ne, wato ƙarfen sifirin na tsohuwar mota, yana wasa shi a kan dutse da ruwa, bai taɓa yarda ƙarfen ya yi zafi har ya yi shuɗi ba, ya ce daga nan kaifin ya mutu. Abin goge itace ni nake yi masa: in tankaɗe yashi a rariya, in dama ƙaro, in shafa a kan tsohon yadin kaki, in barbaɗa yashin in shanya a inuwa. Akwai mai kaushi, akwai mai laushi wanda nake tankaɗewa ta cikin kallabi. Don ƙafafu huɗu su fito iri ɗaya, yakan yanke siffar ƙafar a jikin gwangwanin tumatir da ya baje, yana karawa yana dubawa. Baƙin layin nan na ado kuwa da wayar birkin keke yake yinsa, ya ɗaura guntun kara a kowane bakinta, ya danna ta a jikin itace yana juyawa har hayaƙi ya tashi. Bai taɓa naɗa wayar a yatsa ba, ya ce ya ga wanda ya yi haka a Maraɗi, da yatsa huɗu ya koma garinsu. Ba ya aiki da babbar riga, kuma in Buzu ya zo daga wajen Tagriss neman kwarkwaro, sai ya tsayar da ni kafin mutumin ya sunkuyo da rawaninsa. A ƙarshe yakan damƙi sassaƙe ya matsa a jikin aikin har ya yi sheƙi, sannan ya bi da kakin zuma da aka narka da man gyaɗa.

Abu ɗaya ne ya gagare mu, shi ne tsagewa. Zafin Dakoro ba ya barin itace lafiya. Ka gama ƙafa mai kyau, kwana kaɗan ka ji ƙas, ta buɗe baki daga sama har ƙasa. Mun yi dabara iya dabara. Mukan shafe bakin ɗanyen itace da kashin shanu da laka, mu binne shi cikin sassaƙe a inuwa ya bushe a hankali, duk da haka wani sai ya ci amanarmu. Ga ma'aikatan gandun daji sun sa ido, ba dama mutum ya sari itace mai rai. Cikin wannan hali muke a shekarar da nake son ba ku labari, shekarar da ta biyo bayan wata damina mai ruwa da yawa, ina goye da ta biyunku.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Nomau ya tsayar da amalankensa a ƙofar gida. Shi ne mai kawo mana itace, mutumin wani ƙauye ta hanyar Kornaka, mai yawan dariya ba dalili. Ina jin su ta kafar bango.

"Malam Idi, hito ka ga abin da na samo maka. Ƙirya ce, busassa tun ba a haihe mu ba."

"Ina ka samo ƙirya a ƙasar ga, Nomau?"

"Ƙorama ta tone. Ban sari komi ba, ƴan gandun daji ba su da ta cewa."

Babanku ya shigo da ɗaya ya nuna mini. Guntu ne, kamu ɗaya da ɗan ƙari, baƙi wuluk, laka ta bushe a jikinsa. Duk sauran ma tsawonsu ke nan, kamar an auna, daidai ƙafar gado. Ya ƙwanƙwasa shi da gindin kurfi ya kara a kunne, yadda yake yi wa kowane itace don ya ji ko akwai rami a ciki, na ga fuskarsa ta washe. Ya ce bai taɓa jin itace mai cikar wannan ba. Na karɓa, sai na ji shi da sanyi. Bazara ce, ko randa sai an rufe ta da jiƙaƙƙen buhu, ga itacen ya sha rana a kan amalanke tun safe, amma sanyinsa har cikin tafin hannuna. Na ce wa kaina halin ƙirya ne, tunda ban santa ba.

Da ya ɗora na farko ya buga bango, na kama juyi, sai na rasa gane abin da nake ji. Ba fizga, ba ƙulli, amma akwai wani nauyi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kamar wani ya ɗora tafin hannunsa a kan tayar ya bar shi nan. Kuma ba ƙara. Kowane itace yana kuka in kurfi ya shige shi, wannan kuwa shiru, sai ɗan shuu. Sannan ƙanshi ya biyo ta kafar bangon, ƙanshin ƙasa in ruwan farko ya sauka, har na ɗaga kai na dubi sama, rana tsaka ba ko gajimare. Ƙafar da ta fito a ranar ban taɓa ganin irinta ba. Ja ce mai duhu, tana sheƙi tun ba a sa mata kaki ba. Muka ajiye ta a rana da gangan, mako ya zagayo ba ta tsage ba.

Labari ya bazu. Iyayen amare suka yi ta zuwa, fatake masu kai hatsi Najeriya suka sa a yi wa matansu, har daga Sabon Maci aka aiko. Nomau ya ƙara kawowa, ya sake ƙarawa. Ba mu taɓa samun buɗi irin na watannin nan ba, na sayi awaki, babanku ya ɗaura wa zaure ƙofar kwano. Amma akwai ƙananan abubuwa da nake gani ina kawar da kai. Kajina da suke kwana tonon sassaƙe suka daina zuwa wajen. Kyanwar maƙwabta da ta saba kwanciya a kan tarin itace ta canza wuri. Ni kuma da sassaƙen nake hura wuta, kamar yadda na saba, sai na lura hayaƙinsa ba ya tashi sama, yana bin ƙasa ne ya kewaye tsakar gida ya tsaya a bakin ƙofofi. Tuwon da kuka ci a watannin nan, ku manyan, da wannan wutar na tuƙa shi.

Wankin laka daga jikin itacen aikina ne, don laka tana dakusar da kurfi. Wata rana bayan azahar, gari ya yi tsit kowa ya shige inuwa, ina zaune ina ɓamɓarewa, sai wani ɓawon laka ya ɓallo gaba ɗaya ya faɗo a cinyata. Na juya shi. A bayansa akwai sawun yatsu, a jere, an danna su da ƙarfi, an ja. Ban san abin da ya sa ba, na ɗora nawa yatsun a ciki, suka zauna. Na duba wani itacen, na ga irin sawun a gefensa, na duba wani, haka. Ƙorama ba ta da yatsu. Wani ne ya jera itatuwan nan, ya bi tsakaninsu da laka yana toshewa da hannu. Na zauna da lakar a hannu har babanku ya dawo daga masallaci.

Na nuna masa. Ya fita ya dawo da Baba Alu, tsohon da ke haƙar kabari a unguwarmu, ya shigo da shi har tsakar gida, abin da bai taɓa yi da namiji ba. Tsohon ya tsuguna, ya ɗauki itace ɗaya ya kara a damtsensa ya auna, ya shinshina, ya ajiye shi a hankali da hannu biyu. Ya daɗe yana salati kafin ya yi magana.

"Idi, wa ya kawo maka rufin kushewa?"

Babanku ya ce, "Baba, duba da kyau."

"Mi zan duba? Aikina ne. Haka mutanen da suke yi, ƙirya suke sarowa don gara ba ta cinta, su jera bisa mamaci, su toshe da laka kada ƙasa ta zubo mishi. Kowane ɗaya daga cikin itacen ga, akwai wanda anka ɗauke ma rufi."

A ranar na tone murhuna na zubar da duwatsun da tokar, na kafa wani a ɗaya kusurwar gida.

Na faɗa wa babanku ra'ayina, kuma ban ɓoye muku ba: na ce a mayar da wanda ya rage, a yi shiru da wanda aka riga aka sayar. Ba mu muka tone ba, ba mu sani ba, in muka buɗa baki mun kashe kanmu a garin nan. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ba zai iya wucewa ta ƙofar gidan mutum ya san abin da suke kwana a kai ba. Washegari shi da liman da Baba Alu suka ɗora sauran itacen a amalanke suka tafi. Nomau ya nuna musu wurin daga nesa ya juya, daga ranar bai sake taka unguwarmu ba. Wani kufai ne, garin da mutanensa suka watse tun wata tsohuwar yunwa, ruwa ya ci gaɓar ƙorama ya buɗe gefen maƙabartarsu. Sun yini suna haƙa sababbin kaburbura nesa da ruwa. Da ya dawo na tambaye shi abin da ya gani, ya daɗe yana wanke hannu.

"Suna nan kwance a jere, Tsahara, suna duban gabas, rana na dukansu."

A can ne, a gaban liman, ya yi rantsuwa cewa ba zai sake ɗora itace a kan tur ba sai guntu na ƙarshe ya koma ƙasa. Ya ɗauka aikin mako biyu ne.

Gida gida ya bi, yana sallama yana faɗin gaskiya da bakinsa. Wanda ya yarda ya ba shi ƙafafun aduwa daga waɗanda muke da su a ajiye, wanda ya ƙi aka mayar masa da kuɗinsa, awakina suka tafi a nan. Na ji an ce wata uwar amarya ta kurma ihu har maƙwabta suka fito, wani ya ƙone katifa da zannuwan gado a tsakar gida, wani ya tofa masa yawu a riga. Waɗanda suka kwana wata da watanni lafiya lau sai ga shi kowa ya tuna ya sha jin motsi a ƙarƙashin gado. Wata da ta yi ɓari ta ce mu ne. Mata suka daina aiko yara ɗibar wuta a gidanmu. Duk da haka itacen ya dawo, har kwarkwaron da ya tafi wata rijiya a arewa sai da ya bi shi a kan raƙumin haya ya karɓo. Ya kai su kufai ya binne. Saura gado ɗaya, na Inna Kulu.

Inna Kulu tsohuwa ce a bayan kasuwa, ɗanta falke ne mai hatsi, shi ya sa a yi mata gadon saboda ciwon gwiwa. Babanku ya je ya yi mata bayani ta bayan labule, ta tambaye shi sunan kufan, ya faɗa, sai ta ce ya tafi ba ta bayarwa. Ya koma da liman, ta ƙi. Ɗan nata ya yi lallashi, ya yi faɗa, ta ce in ya taɓa gadon ba ta yafe masa nono ba. Da na ga wata ya wuce ba a buga mini bango ba, hatsi yana ƙasa a rumbu, na yafa mayafi na tafi da kaina, da niyyar in ba ta ba ni da daɗi ba in kwance ƙafafun a gabanta.

Da rana tsaka na isa. Ɗakinta na kwano ne, ya kamata a ce yana tafasa, amma ina ɗaga labule sanyi ya tare ni, da ƙanshin nan na ƙasa. Tana zaune a bakin gadon, ƴar ƙarama da ita, hannunta ɗaya yana kan ƙafar da ke wajen kai tana shafawa. Na gaishe ta, na fara zuba abin da na shirya, ta bar ni har na ƙare.

"Ɗiyata, kin san inda anka haihe ni?"

Na ce ban sani ba.

"Can. Uwata tana can, da ɗiyana biyu na hwari, yunwa ta ɗauke su cikin wata guda. Munka taso munka bar su, ban ƙara komawa ba, ƙahwa ba ta kai ni. Tun ranar da gadon ga ya shigo nike kwana har asuba, ban san dalili ba sai da mijinki ya hwaɗi sunan garin. Ni ban iya zuwa wurinsu ba, su sunka zo wurina. Ke kuma kin zo ki hisshe su."

Na ce, "Inna, itacen da yawa ne, ba ki san na wa anka kawo miki ba."

"Wagga ta wajen kaina na san ta," in ji ta, ba ta ko dube ni ba. "Ki ce ma mijinki ya yi haƙuri. Ranar da zan tahi sai a sa mini su, mu koma tare."

"Mu kuma mi za mu ci kahin nan?"

"Wanda ya ciyar da ni bayan na bar garin ga shi nan bai mutu ba."

Na tashi na fito ban taɓa komai ba. Ba tausayi ne kaɗai ya hana ni ba, gaskiya tsoro ne, don duk zaman da na yi a ɗakin ji nake ba mu biyu ba ne.

Liman ya ce wa babanku rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai ya koma aikinsa, addini bai ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Na matsa masa lamba har ya yi. Muka share zaure, muka wanke tur da ruwan magarya, ya samo aduwa mai tsabta wadda ya san inda ta faɗi, ya ɗora, ya buga bango. Na kama juyi da murna. Tayar ta yi ƴan zagaye lafiya, sai nauyin nan ya sauko a kanta, shi ɗin dai, tafin hannun nan da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Aduwar da na san kukanta ta yi shiru. Ban tsaya ba, na cije na ci gaba, sai na ji bugu biyu. Ya shigo fuskarsa ta yi toka.

"Ke ma kin ji?"

Na ce rulma ce ta bushe, a sa mata mai. Ya sa mata mai, muka sake gwadawa washegari, muka kuma gwadawa bayan sallah. A na ƙarshe bai ma buga bango ba, sai na ji robar ta saki a hannuna, ya cire ta. Ya lulluɓe tur da tabarma ya ɗaure.

Ba zan ce muku ga abin da ke riƙe tayar ba. Mai yiwuwa hannuwanmu ne suka tsorata, mu biyun, mai yiwuwa kuma ba su ba ne. Abin da na sani shi ne daga nan babanku ya koma ƙwadago a gonakin mutane da gyaran ƙota, ni na kama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da farko sai a wata unguwa ake saye. Muka zauna jiran ranar da tsohuwa za ta tafi, ko da yake ba mai faɗin haka da baki. Ita kuwa tsohuwar nan sai ƙara lafiya take. Ciwon gwiwar ma ya sake ta. Duk sallah nakan je gaishe ta, in tarar da ita tana tsinkar zogale tana ba jikoki labari, in dawo gida ina huci. Kuran ya zo unguwa, wani yaro ya buɗe tur mai inji a bakin tasha, gadajen ƙarfe suka cika kasuwa. Babanku bai fasa wasa kurfinsa a kan dutse duk Juma'a ba, ya shafa masa mai ya naɗe a tsumma. Na yi fushi da shi shekaru, na faɗa masa maganganu masu zafi a gabanku, wasunku suna tunawa. Har yau in na tuna hannun nan nasa yana riƙe da hauyar wani, raina yakan ɓaci, kuma ban san da wa nake fushin ba.

Babanku ne ya riga Inna Kulu tafiya. Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki, a bazara, ya cika da asuba. Ana cikin yi masa wanka, mata sun cika tsakar gida, sai na ga an dare hanya. Inna Kulu ce, ta rankwafa a kan sanda, jikanyarta tana riƙe da ita, a kan yarinyar akwai ƙunshi cikin farin zane. Ta zo har gabana ta sa aka sauke, ta kwance da hannunta. Ƙafafun nan huɗu ne, sheƙinsu yana nan kamar jiya aka sauke su daga tur.

"Da asuba na taɓa ta wajen kaina, na ji ta da ɗumi awa kowane itace," in ji ta. "Nan na san an yi rashi gidanku, tun ba a aiko ba. Ku sa mishi. Ya gaji da jira."

Ban yi mata godiya ba, ban kuma zage ta ba. Na tattara ƙafafun na miƙa wa babban yayanku, na ce ya kai wa masu haƙa. Ita ta koma ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, a kanta ta kwana har damina ta gaba da Allah ya karɓi abinsa.

Da maza suka dawo daga maƙabarta na kira yayan naku gefe na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce sun zauna a bakin ramin daidai, ba a rage ko kaurin yatsa ba, an sa su ta wajen kai. Na ce to ya duba aikin da kyau, ya ga layin wayar, ya ga yadda huɗun suka fito kamar ɗaya? Ya ce bai lura ba, hawaye sun cika masa ido, kafin ya share an bi da laka. Shi kaɗai ne a cikinku ya taɓa riƙe aikin babanku a hannu, shi ma bai gani ba. Ni na gani, ni na juya tayar, kuma ina shaida muku ba a taɓa fere itace a Dakoro kamar waɗannan ba. Suna can a kansa.